A Gefen Tebur Ciniki Ke Lalacewa: Amfanin Injin Gugar Gefe Ga Kafintocinmu

Duk wanda ya taɓa raka wani sayen kayan ɗaki, ko na amarya ko na ofis, ya san abin da mai saye yakan fara yi idan ya tsaya a gaban tebur ko gado. Kafin ya tambayi kuɗi, kafin ma ya tambayi irin katakon, sai ya miƙa hannu ya shafa gefen. Idan hannunsa ya zarce sumul, sai ka ga fuskarsa ta saki, a shiga ciniki. Idan kuwa ya ji kaushi, ko ya ji sawun zarto a ƙarƙashin fenti, ko wani ɗan tsinken katako ya soke shi, to ciniki ya riga ya lalace, ko da kuwa da loko ko maɗaci mafi kyau aka yi aikin. Abin da zai biyo baya shi ne tayin wulaƙanci, ko kuma ya wuce shagon gaba inda aka jera kayan ƙasar Sin da na Turkiyya.

Wannan 'yar shafawa ita ce jarrabawar da kafintocinmu da dama ke faɗuwa kullum, tun daga kasuwar kayan ɗaki ta Kugbo da ke Abuja har zuwa shagunan da ke kewaye da 'yan katako na Bodija a Badun da na Mushin a Ikko. Duk wanda ya ga yadda kafintan Nijeriya ke duban hoto ɗaya a waya ya fitar da gado irinsa ya san akwai basira a hannun. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen ƙarasa aiki, musamman gefuna da kusurwoyi, waɗanda su ne hannu da tufa ke gogar su dare da rana. Saboda haka ra'ayina shi ne, duk shagon da ya riga ya mallaki injin zarto da injin share fuskar katako, kuma yake neman kwangilar kaya masu yawa, abu na gaba da ya kamata ya zuba kuɗinsa a kai shi ne injin gugar gefe. Akwai sharuɗɗa, kuma zan kawo su, domin sayen inji babu lissafi binne jari ne.

Da farko ya kamata mu san abin da ake magana a kai, tunda ba kowane ɗan kasuwa ne ya taɓa ganinsa ba. Injin gugar gefe girke yake a ƙasa kamar teburin aiki. Yana da dogon bel na samfefa wanda aka tsayar a kan gefensa, yana zagaya rola biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. A bayan bel ɗin akwai miƙaƙƙen farantin ƙarfe da ke tokare shi don kada ya lotsa, a gabansa kuma akwai tebur inda ake ɗora katako a tura shi ya jingina da samfefar. Waɗanda aka fi samu a kasuwa bel ɗinsu na da faɗin inci 6, tsawon zagayensa kuma inci 89 ko 108, ƙarfin injin da ke jan sa kuwa daga doki ɗaya da rabi ne zuwa uku. Masu inganci daga cikinsu, bel ɗin yakan riƙa hawa da sauka kaɗan-kaɗan yayin da yake gudu. Hikimar yin haka ita ce kada samfefa ta cinye a wuri ɗaya, kada zafi ya taru ya ƙona katako, kuma kada a bar layi-layi a jikin aiki. Galibi ana iya karkatar da bel ɗin ko teburin zuwa digiri 45 domin fitar da gefe mai gangara.

Amfaninsa na farko shi ne daidaito. Da yake tebur da farantin a kafe suke bisa sukwaya, duk katakon da ya bi ta kai zai fito da gefe tsaye cak, na farko da na ɗari duk ɗaya. Hannun mutum kuwa, komai ƙwarewarsa, yana karkata idan ya gaji. Na biyu shi ne kan katako, wato inda zarto ya datse jijiyoyin itace a gicciye. Kowane kafinta ya san wurin nan ya fi ko'ina taurin guga, kuma idan ba a goge shi sosai ba sai ya shanye folish ya yi duhu, ya bambanta da sauran jikin tebur. Na uku shi ne gyaran awo: durowar da ta ƙi shiga ko ƙofar kabad da ke gogar 'yar'uwarta, rage mata milimita ɗaya aikin ɗan lokaci ne a kan wannan inji. Na huɗu shi ne lanƙwasa. Ana goge bayan lanƙwasa a kan farantin, cikinta kuma a kan rolar da ke ƙarshe, abin da ke da muhimmanci ga masu yin hannun kujera da kan gado, inda amare da iyayensu suka fi kafa ido.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin ɗan kasuwa da alƙalami yake yarda. Mu ɗauka an ba kafinta kwangilar teburan makaranta guda 200, kowane faifan tebur tsawonsa santimita 120, faɗinsa 60. Zagayen faifai ɗaya mita 3.6 ke nan, na duka kuwa mita 720. Aiki mai kyau yana bukatar a bi gefen sau uku, a fara da samfefa mai kaushi kamar lamba 80, a koma 120, a ƙare da 150 ko 180. Jimla an goge mita 2,160, wato fiye da kilomita biyu, kuma ba a taɓa ƙafafu da sandunan ƙasa ba tukuna. Duk mai shagon da ke shakka, ya ɗauki agogo ya auna lokacin da yaronsa ke ɗauka kafin ya gama faifai ɗaya da hannu, ya ninka sau 200, ya kwatanta da ranar da aka ce ya kawo kaya. A nan ne zai gane dalilin da ya sa ake tsallake lamba biyu daga cikin ukun, a shafe aibin da fenti, a loda a mota. Nan da zango ɗaya rigunan yara sun fara yagewa, kwangila ta gaba kuma ta tafi hannun wani.

Wani zai ce ai akwai ƙaramin injin hannu mai faifai, irin na masu walda, wanda shaguna da yawa ke ɗaura wa samfefa su yi guga da shi. Gaskiya ne yana da sauri kuma yana da araha, amma araha ba ta ado. An ƙera shi ne domin ƙarfe, gudunsa ya yi wa katako yawa, yana barin zane mai zagaye da kwari-kwari waɗanda ba a ganin su sai folish ya hau. Ƙaramin injin bel na hannu ya fi shi, sai dai shi ma a kan siririn gefe rawa yake yi, ya cinye kusurwa.

Me ya sa maganar ta zama ta gaggawa yanzu? Dalili shi ne katangar da ke kare kafintan gida ta yi ƙasa. A shekarar 2004 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan ɗaki cikin jerin kayayyakin da aka haramta shigowa da su, daga baya aka sassauta. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da kayayyaki 41 samun kuɗin waje daga kasuwar hukuma, cikinsu har da kayan ɗaki da ƙofofin katako, amma a watan Oktoban 2023 bankin ya janye wannan hani. Ga kuma yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka da ta fara aiki a watan Janairun 2021, wadda ke buɗe mana kasuwannin maƙwabta kamar yadda take buɗe musu tamu. Faɗuwar darajar Naira tun daga 2023 ta sa kayan waje sun yi tsada, kuma wannan dama ce ga na gida. Sai dai wanda ya saba da kayan waje, idan tsada ta koro shi zuwa shagon gida, da hannun nan nasa zai zo, kuma da shi zai yanke hukunci.

Ta ɓangaren gwamnati ma akwai ƙofa. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003, wanda Muƙaddashin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya sa wa hannu a watan Mayun 2017, ya tanadi cewa aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da ma'aikatu da hukumomin tarayya ke kashewa a kan wasu kayayyaki ya tafi ga na gida, kuma an ambaci kayan ɗaki a cikinsu. Amma jami'in da ke son ya kauce wa wannan umarni ba ya bukatar wata hujja da ta wuce ya ce kayan gida ba su kai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bai kamata kafintocinmu su riƙa miƙa masa wannan hujja da hannunsu ba.

Ga kuma batun katakon kansa. Ƙasar da garinta na Safele ya ba wani nau'in katako sunansa a kasuwannin duniya, yau mai neman busasshen loko ko kawo mai faɗi sai ya sha yawo kuma ya biya da tsada. Madobiya ma an sare ta ana fitarwa zuwa ƙasar Sin har sai da aka sanya ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. Da yawa sun koma ga malaina da makamantanta. Idan falanki ya yi tsada haka, asara ce babba a ɓata shi a matakin ƙarshe, bayan an biya kuɗin yanka da dako da gam da ƙusa. Haka kuma katako mai sauƙin kuɗi, idan an ƙarasa shi da kyau, yakan yi farashin da bai yi ba a da.

To, amma fa akwai masu suka, kuma sukarsu abin saurare ce. Na farko su ne masu cewa yara masu koyon sana'a sun wadata, me zai sa a sayi inji a bar su zaune? Amsar ita ce, yaron da ya shafe shekara biyu ba abin da ya iya sai guga an cuce shi, kuma shi ma ya sani, shi ya sa da zarar ya ga hanyar acaba ko Keke Napep sai ya gudu. Sa'o'in da inji ya fanso masa su ne zai koyi awo da haɗa gaɓa da karanta zane. Gugar hannu ba za ta ƙare ba, domin lunguna da shafar ƙarshe kafin folish har gobe aikin hannu ne. Abin da zai ragu shi ne wahalar da ba ta ƙara wa kowa ilimi.

Suka ta biyu ita ce wutar lantarki, kuma ita ce mafi nauyi. Injin mai ƙarfin doki uku yana cin kimanin yunit 2.2 a awa. Idan aka haɗa da injin zuƙe ƙura mai doki ɗaya da rabi, an kai kimanin yunit 3.3. Ko da a farashin Naira 225 kowane yunit da aka yanka wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, kuɗin awa ɗaya bai kai Naira 800 ba, abin da bai taka kara ya karya ba idan aka raba shi a kan teburan da za a goge cikin awar. Matsalar ita ce samun wutar. A kan janareta lissafin ya canza, musamman tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma injin yakan ja wuta mai yawa lokacin tashi, don haka ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba. Dabarar ita ce a tara aikin guga a yi shi gaba ɗaya lokacin da aka tayar da janareta domin zarto. Shagon da ke yin kujera ɗaya yau, gado ɗaya jibi, gaskiya ba zai mayar da kuɗinsa da wuri ba, kuma ban ba shi shawarar ya saya shi kaɗai ba.

Wajibi ne kuma a faɗi abin da injin ba ya yi. Masu aiki da allunan MDF da aka lulluɓe da leda, waɗanda suka cika kasuwar kabad da kayan kicin, abin da suke bukata shi ne injin manna tef a gefe. Wannan da muke magana a kai na masu aikin katako ne na ainihi. Haka nan ba ya maye gurbin injin miƙe gefe idan za a haɗa dogayen falankai da gam, domin ɗan dannawa kaɗan ya isa ya ci ƙarshen falanki ya bar kafa a tsakani. Ba ya kuma gyara ɗanyen katako. Ɗanye toshe samfefa yake yi, kuma teburin da aka yi da shi a Ikko da damina, in ya sha hunturun Abuja ko na Jos, sai ya tsage komai santsin gefensa.

Sharaɗin da ba na sassauci a kansa shi ne ƙura. Wannan inji yana fitar da ƙura mai laushi da yawa, irin wadda ke rataye a iska. Tun a 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, musamman na kogon hanci. Ƙurar loko da ta obeche kuwa an san su da tayar da asma, ta loko har da ƙaiƙayin fata. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa masu masana'antu kare ma'aikata daga shaƙar ƙura mai cutarwa. Don haka duk wanda zai yi kasafin sayen injin gugar gefe, ya haɗa da injin zuƙe ƙura da takunkumin hanci na gaske tun a lissafin farko. Ɗaura hankici ba ya tare komai. Kada a goga ƙarfe a kansa, domin tartsatsi ɗaya a cikin buhun ƙura ya isa ya tashi kasuwa, kuma mun sha ganin gobara a 'yan katako. Mai aiki ya naɗe hannun riga, ya ajiye babbar riga da safar hannu, ya kuma tokare katako da matokari don kada bel ya fizge shi. Rigakafi ya fi magani.

Ga mai niyyar saye, akwai abubuwan dubawa. Ya tabbatar ko injin na layin wuta ɗaya ne ko na layi uku, ya kwatanta da abin da ke shagonsa. Idan na hannu ne da aka shigo da shi daga Amurka, ya sani cewa tsarin wutarsu ya bambanta da namu, tasu mai bugu 60 ce a daƙiƙa, tamu mai 50, don haka injin zai rage gudu kuma yana iya yin zafi. Ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan farantin ya ga ko ya lotsa. Mafi muhimmanci, ya binciki inda zai riƙa samun bel mai wannan awo kafin ya biya, domin injin da babu bel ɗinsa a kasuwa ya zama teburin ajiye kwanon abinci. Bel kuma a rataye shi inda babu laima, domin damshi yana kwance mahaɗinsa.

Ga ƙananan shaguna, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tsarin da zai fisshe su sun riga sun san shi, domin a kusan kowace kasuwar katako akwai mai injin zarto da na share fuska wanda ake kai wa falanki a biya shi gwargwadon aiki. Babu abin da zai hana a ƙara injin gugar gefe a wannan layi, ko ƙungiyar kafintoci ta saya da kuɗin adashi ta ɗora mutum ɗaya amintacce a kansa. Ga ɗan kasuwar da ke neman inda zai sa matsakaicin jari, ko da bai taɓa riƙe guduma ba, wannan sana'a ce mai zaman kanta, matuƙar ya zaɓi wurin da kafintoci suka taru kuma ya tanadi wuta.

Hukumomi ma suna da rawar takawa. Bankin Masana'antu da hukumar SMEDAN su dubi irin waɗannan ƙananan injuna, waɗanda kuɗinsu bai kai a yi taron manema labarai a kansu ba amma suna canza darajar kaya. Dokar hayar kayan aiki ta 2015 ta share fagen ba da inji a riƙa biya sannu a hankali, saura a ga ta isa ga mai shago. Asusun ITF da kwalejojin fasaha su sanya ƙarasa aiki da kariya daga ƙura cikin horonsu. Sa'an nan injin nan ba wani abin al'ajabi ba ne: firam ne da rola biyu da faranti da injin lantarki. Cibiyar PRODA da ke Inugu da hukumar NASENI, tare da maƙeran Aba da na Panteka a Kaduna, za su iya fitar da samfuri mai inganci wanda kayan gyaransa ke nan gida. Masu ba da kwangilar teburan makaranta kuma su rubuta ingancin gefe da kusurwa cikin sharuɗɗa, su kuma shafa da hannunsu kafin su sa hannu a takardar biya.

Daga ƙarshe, ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin kafintoci da dillalan kayan ɗaki da su gwada abu ɗaya kafin taronsu na gaba. Su ɗauko tebur ɗaya na gida da ɗaya na waje, su ajiye su kusa da juna, kowa ya rufe ido ya shafa gefunan. Sau da yawa za su tarar katakon namu ya fi nauyi kuma ya fi ƙarko, amma hannu ya zaɓi ɗayan. Wannan tazara ce da za a iya rufewa da inji ɗaya da horo da kula, kuma kuɗin rufe ta bai kai abin da ake asara a kowace shekara wajen ragin farashi da kwangilolin da ke suɓucewa ba. Allah Ya sa masu abin su ji, su kuma yi aiki da shi.